Ranar Da Na Tsayar Da Kyaftin

Masu karatu, ku gyara zama, yau ba kuka na kawo muku ba. Kunya na kawo, irin wadda ko yanzu da nake rubutun nan in na tuna sai na tura fuskata cikin filo. Amma alhamdulillahi numfashina ya dawo daidai, shi ya sa ma na iya ɗaukar waya in ba ku labari.

Waɗanda suka shigo mana yau, bari in gajarta muku. Ina aiki a shagon buga takardu, ni ce mai zama tsakanin kwamfuta da injin kwafi. Akwai wani bawan Allah da yake zuwa wurina, ma'aikacin kemis ɗin bakin titinmu, dogo, mai tabarau, in yana magana sai ka kasa kunne. Tun ranar da ya auna wa Mama jini ya ce ta rage gishiri gidanmu kaf suka laƙaba masa Likita, ya yi ta cewa shi ba likita ba ne har ya gaji ya haƙura. Yana zuwa, yana gaishe da Baba, yana tambayata ko na ci abinci, cajata ta lalace ya kawo min sabuwa ban roƙa ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, wato ya buɗe baki ya faɗi abin da yake nufi da ni. Ni kuma kun san halina, gara in haɗiye harshena da in tambaya.

Makon jiya Baba ya kira ni falo, ya rage muryar rediyo, ya ce, "Uwata, ba korarki nake yi ba. Amma mutane suna yi min maganarki, ni kuma ban san amsar da zan ba su ba. Ki tsayar min da mutum ɗaya, in san inda na dosa."

Na ce to, na tashi. Wa zan tsayar? Mutumin da bai ce yana so ba?

To ni in abu ya dame ni, wasan waya nake faɗawa. Akwai wani da muke bugawa, mu 'yan wasan, Birni kawai muke ce masa. Labari ne ake sakin shi babi-babi, kai mazaunin garin ne, kana hira da mutanen ciki, kana zaɓen amsar da za ka ba su, labarin yana juyawa yadda yawancin 'yan wasa suka zaɓa. Yanzu magajin garin ya tsufa ya ce zai sauka, za a yi zaɓe, kuma mu ne masu jefa ƙuri'a. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun ƙi faɗin su waye 'yan takara. Hoto ɗaya suka saki, kujera a tsakiya da inuwar mutum uku a bayanta, shi ke nan suka bar mu muna cin naman juna.

Zauren da muka buɗe a waya don wannan musun ba ya barci. Wani mai kiran kansa Sarkin Hasashe ya ƙara girman hoton har ya dusashe, ya rantse inuwar tsakiya tana da tabarau, don haka likitan asibitin kasuwa ne. Anti Lissafi ta ce ƙarya ne, kunnen kujera ne ya gani, ita dai mai gidan burodi take hange saboda a babin baya ta raba burodi kyauta, kuma ba a rabon banza gab da zaɓe. Ni kuwa Kyaftin nake bi, mai jirgin ruwan nan mai gemu da farar hula. A babin ƙarshe ya sayar da jirginsa, ya sayi gida a tsakiyar gari. Ku gaya min, me ya rage?

Yau da safe ina guga, doguwar rigata ruwan toka a kan tebur, ɗankwali a kafaɗa, shayina yana hucewa, na ga Sarkin Hasashe ya sake cika mana zaure da maganar likitansa. Raina ya ɓaci. Na ajiye dutsen guga, na fita na duba ko an kawo ruwa, na dawo na danna zauren da yake sama ban ko kalla ba, na kama saƙon murya. Ga abin da na faɗa, kalma ba ta ɓace min ba don yau na ji shi har ya ishe ni:

"Jama'a, ni dai na gama shawara, na tsayar da Kyaftin. Don Allah a daina kawo min maganar Likita. Mutumin kirki ne, ban ƙi ba, amma sanyinsa ya yi yawa. Wata da watanni yana zagaye-zagaye, ya kasa buɗe baki ya ce yana so. Kyaftin kuwa har jirginsa ya sayar saboda maganar nan. Wanda bai gamsu ba ya same ni."

Na tura, na jefa wayar a jaka, na ɗaura ɗankwali ina jin kaina kamar na ci muhawara.

Abin da ban sani ba, a ɗan fitar da na yi Gwaggo, yayar Baba, ta tura hoton furenta na barka da safiya a zauren dangi. Kullum sai ta tura. Shi ya ɗago zauren dangi ya hau saman na 'yan wasa.

A shago aiki ya yi mana rubdugu. Ɗalibai sun cika benci kowa da takardun da za a ɗinke masa, injin kwafi yana cin takarda ina buɗe cikinsa ina zaro ta, Oga yana faɗan tawada ta kusa ƙarewa. Wayata tana bayan injin a caji, na kashe mata ƙara. Sai da rana ta take na samu na leƙa ta. Kiran da aka yi min ban samu ba ya cika fuskar wayar, Mama, Yaya, Kawu, Mama, Yaya. Na ce shi ke nan, wani ne ya rasu. Ina riƙe da ita kiran Yaya, babbar yata, ya sake shigowa.

"Yaya lafiya? Waye ba lafiya?"

"Ke za a tambaya. Waye Kyaftin?"

Wallahi daɗi na ji. Na ce, "Kai Yaya, ke ma kin shigo? Ai na gaya miki zai burge ki."

"Na shigo ina? Na soja ne ko na jirgin sama?"

"Na jirgin ruwa ne mana."

"Innalillahi! A ina kika haɗu da na ruwa? Ke da daga gida sai shago?"

"A waya, Yaya, ai kullum muna tare, ko jiya…"

Sai na farga. Yaya ko wasan haɗa alewa ba ta iya ba, ina ita ina Birni?

"Yaya, a ina kika ji sunansa?"

"A bakinki. A zauren dangi. Har Kawu ya sa albarka."

Na kashe kiran, na buɗe zauren. Ga saƙona nan zaune daram a ƙarƙashin furen Gwaggo. Kawu ya rubuta, "Allah ya sanya alheri, a turo mana shi mu gan shi." 'Ya'yan Kawu sun jera hotunan dariya da na mamaki. Matar wanmu ta ce, "Su Kyaftin manya, ashe ana ciki." Mama ta rubuta kalma uku, "Ki zo gida." Na danna in goge, sai na ga gogewar ba ta da amfani, kowa ya saurara, har waɗanda ba su taɓa cewa uffan a zauren ba.

Can ƙasa na ga na Gwaggo. Shi ne ya ƙarasa ni.

"Na tura wa mahaifiyar Likita. Gara su ji daga bakinmu da su ji a titi. Mu ba a san mu da yaudara ba."

Masu karatu, Gwaggo da mahaifiyarsa ƙawaye ne, layi ɗaya suke bi a asibitin ƙafa. Na zauna a kan kwalin takardu ban san na zauna ba. Na sake kunna saƙon na saurare shi da kunnen wanda bai san Birni ba. Sanyinsa ya yi yawa. Ya kasa buɗe baki ya ce yana so. Ko kujera ban ambata ba, ko zaɓe ban ambata ba, don a zaurenmu kowa ya san abin da ake so ɗin.

Na rubuta masa, "Don Allah in ka ji wani saƙo kada ka ɗauka, zan yi maka bayani." Alamar ya karanta ta fito. Na zuba wa wayar ido. Shiru. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, aka ce a kashe take.

A nan ne na san ina son mutumin nan. Da ina ce wa kaina sabo ne, kirkinsa ne, cajar da ya kawo ce. Da na ji an ce wayarsa a kashe take, sai na ji shagon ya yi min ƙunci, hawaye ya zo min ba sallama.

Oga ya dube ni ya ce, "Ke kuma injin ne ya cije ki?" Na ce gida ake nemana. Ya ce in tafi kafin in jiƙa wa mutane takardu.

Hanyar gida ta gaban kemis ɗin take bi. Na rage tafiya, na saci kallo ta gilashi. Abokin aikinsa ne kaɗai a kan kanta. Na ja mayafina na wuce.

A falo na same su an yi zaman shari'a. Baba a kujerarsa, rediyo a kashe, abin da ba ya faruwa sai da dalili. Mama a gefe ta rafka tagumi. Gwaggo ta baje a doguwar kujera da jakarta a cinya, ko mayafi ba ta cire ba, alamar daga samun labari ta taso.

Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Ɗan gidan waye? Su waye iyayensa? Kuma mutumin da ya sayar da abin sana'arsa, da me zai ciyar da ke?"

"Gwaggo, wasa ne."

"Wasa? Aure ne wasa?"

Baba ya ɗaga mata hannu, ya juyo gare ni. "Uwata, na ce ki tsayar da mutum, ban ce ki yi shela ba. Amma tunda kin tsayar, waye shi?"

Na ga baki ba zai fitar da ni ba. Na durƙusa gaban Baba, na buɗe wasan, kiɗansa ya tashi, na kai tashar jiragen ruwa, na juya masa wayar. Ga Kyaftin nan tsaye da gemunsa da farar hularsa, yana ɗaga gira yana sauke ta kamar yadda yake yi in yana jiran ka zaɓi amsa.

"Ga shi, Baba."

Baba ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya sake kallon wayar.

"Wannan zanen ne surukin nawa?"

"Ɗan takara ne, Baba. Zaɓen magajin gari za a yi a cikin wasan. Shi na tsayar. Zauren 'yan wasa zan tura wa, hannuna ya kauce."

"Jirgin da ya sayar fa?" in ji Gwaggo.

"Shi ma zane ne, Gwaggo."

"Likitan fa?"

Na kai su asibitin kasuwa na nuna musu shi, wani siriri mai farar riga yana shafa ƙeya.

Mama ce ta fara. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, sai dariyar ta ƙwace mata har da hawaye, tana cewa, "Ni da na kasa cin abinci tun safe saboda ɗan tsana!" Baba ya cire tabarau yana girgiza kai, yana dariyar nan tasa marar sauti. Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina, na zube a kan kafet.

Gwaggo kuwa ko gezau. "To ni ina laifina? A gidan da ake jira ki tsayar da miji, ki tashi da sassafe ki ce kin tsayar da Kyaftin, me kike so a ɗauka? Miƙo nan in gani." Na matsa na riƙe mata, na nuna mata hoton inuwoyin nan uku da mutanen da ake zato. Ta ƙanƙance ido ta daɗe tana kallo, sai ta dangwala yatsa a kan mai gidan burodi. "Wannan ce za ta ci. Dubi yadda ta riƙe ƙugu. Mazan nan biyu ɓata lokacinku kuke yi."

"A'a Yaya," in ji Baba, "ba a nan take ba. Shi dai mai jirgin ba shi da lissafi, ba a sayar da abin hannu tun ba a buga gangar zaɓe ba. Mai farar rigar nan shiru-shiru, irinsu ne suke ba da mamaki."

Ina zaune ina kallon ikon Allah, falonmu ya koma zauren 'yan wasa. Mama ta ce ita dai a bar tsohon ya ci gaba, me ya yi musu?

Da hayaniyar ta lafa Baba ya miƙo hannu ya dafa kaina, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Amma Uwata, bayanin da kika yi a kan likitan zanen nan, ya yi min kama da wani da na sani." Na sunkuyar da kai. Ya kunna rediyonsa bai ƙara ba.

Gwaggo ta kira ƙawarta don ta warware abin da ta ƙulla, ba a ɗauka ba. Na shiga ɗaki na kwanta da kayan aikina, wayar a kan ƙirjina. Duk ƙarar da ta yi sai in zabura, in duba in ga Sarkin Hasashe ne yana tambaya wai yau ina 'yar Kyaftin ta shiga, ko ta karaya. Da ya san abin da Kyaftin ya ja min da bai tambaya ba.

Bayan la'asar Mama ta ɗaga labule. "Tashi ki wanke fuska. Ɗan takararki na gaske yana waje."

Ban san lokacin da na sauya kaya ba. Na sa riga mai ruwan zuma, na yafa farin mayafi, na shafa hoda na goge, na sake shafawa. Yana zaune a baranda kan farar kujerar roba, da rigar aikinsa a jiki, biro a aljihu, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Na ja ɗaya kujerar na zauna nesa kaɗan. Muka gaisa kamar baƙi.

"Likita, saƙon nan…"

"Na ji shi. Hajiya ta kira ni gida, ta zaunar da ni, ta kunna, ta sake kunnawa." Ya gyara tabarau. "Ina jin an zo wurin jirgi na gane wasan nan naki ne. Ai kin cika min kunne da mutumin nan."

Na saki ajiyar zuciyar da tun rana take maƙale. Sai kuma haushi ya biyo baya. "Ka gane? Ka gane shi ne ka kashe waya ka bar ni ina mutuwa a tsaye?"

"Ƙarshen saƙon na gane wasa ne. Farkonsa ne ya hana ni sakat." Ya kalli ƙasa. "Sanyinsa ya yi yawa. Yana zagaye-zagaye. Na shiga ɗakin ajiyar magani na zauna ina neman inda kika yi wa mutumin ƙarya. Ban samu ba."

"Ba da kai nake ba, wallahi."

"Na sani. Shi ya sa ya fi zafi, ba ki yi don in ji ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ni a tunanina zuwan da nake yi ya isa magana."

Ban san inda na samo bakin ba, na ce, "Zuwa alama ce, Likita, ba sanarwa ba. Mu da muke bin alamu mun sha kunya. Kwanaki duk zaure muka rantse alƙalin garin zai fito takara don ya sauya hula, ashe mutuwa zai yi a babi na gaba."

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ban taɓa jin muryarsa ta fito haka ba. Sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya juyo da kujerar ta fuskance ni sosai.

"To ga sanarwa. Ina sonki. Aurenki nake so, ba tun yau ba. In kin amince, manyana su zo su ga Baba."

Masu karatu, na sha tsara yadda zan yi in ranar nan ta zo, zan ja aji, zan ce sai na yi shawara. Duk suka gudu suka bar ni. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, daɗi kamar in tashi in zaga gidan da gudu.

Na daure na ce, "Sai na duba sauran 'yan takara."

"Akwai su?" Yadda ya tambaya da gaske, har ya ba ni tausayi.

"Babu. Kai kaɗai ne, tun tuni."

Daga bayan labulen tagar falo muka ji an ce, "Alhamdulillahi!" da muryar Gwaggo, sai ta Mama tana cewa, "Haba Yaya, matso daga nan." Ya mayar da tabaransa da sauri, ni kuma na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba.

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin ƙofa, ina jin kaina sakayau kamar an sauke min buhu. Ya taka ya dawo, yana shafa ƙeya.

"Saura abu ɗaya. Hajiya ba ta karɓi bayanina ba. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a ce mata wasa ne. Ta ce gobe ki zo da kanki, ki zo da wayar, ki nuna mata Kyaftin ɗin nan ido da ido."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ko Baba haka na yi masa."

Sai da ya sha kwana murmushin ya daskare a fuskata. Akwai abin da ban gaya muku ba. A saman fuskar wasan, da manyan haruffa, ana rubuta sunan da ɗan wasa ya sa wa kansa ranar da ya shiga, kuma ba a sauya shi. Ɗazu a falo da babban yatsana na danne wurin har aka gama kallo. Sunan da na sa wa kaina shi ne Amaryar Kyaftin.

Na kira shi a waya da sauri na ce, "Likita, in na je ni zan riƙe mata wayar ko?"

Ya ce, "Hajiya? Ai ba a riƙe mata waya. Da hannunta take karɓa."